Mintunan farko a ɗakin jarrabawa: wace dabara ce ta fi maganin fargaba?

Nasihar da aka fi yi wa yaro a safiyar jarrabawa ita ce "ka kwantar da hankalinka". Umma za ta faɗa masa a bakin ƙofa, Baba ya maimaita yana miƙa masa kuɗin mota, malamin lesin ma ya ƙara nasa a bakin get. Nasihar ba ta da laifi, sai dai babu mai gaya masa yadda ake yi, hankali kuwa ba ya kwanciya don an ba shi umarni. Sau da yawa ma yaron da aka gama ce wa kada ya ji tsoro, in ya ji gabansa na ci gaba da faɗuwa, sai wani sabon tsoron ya hau kan na farko: an ce ya natsu ya kasa, ke nan akwai abin da ke damunsa wanda ba ya damun sauran.

Akwai dabaru masu tushe da ɗalibi zai iya riƙewa, amma ba ɗaya suke ba. Kowace tana da ciwon da take warkarwa da lokacin da take ci, kuma wadda ta dace da mai zana WAEC ba lallai ta dace da mai zaune gaban kwamfutar JAMB ba. Kafin a zaɓa, sai an san inda fargabar ta sauka.

Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, ko zaki ne ko takardar lissafi, saƙo ɗaya take aikawa. Wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda su saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, ciki ya murɗa. Wannan ba ciwo ba ne, jiki ne ke ɗamara. Tun 1908 wasu masana biyu a Amurka, Robert Yerkes da John Dodson, suka yi gwaji da ɓeraye wanda daga baya aka gina sanannen bayani a kansa: matsakaicin tashin hankali yana kaifafa aiki, in ya wuce kima kuma sai ya ɓata shi, musamman in aikin mai wuya ne. Ɗalibin da ya shiga ɗakin jarrabawa ko a jikinsa, yana hamma, ba shi ne abin koyi ba.

Inda ɓarnar take shi ne a ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke riƙe abu na ɗan lokaci ana aiki da shi, wanda ke riƙe maka lambar da ka ɗauko daga layi na biyu kana lissafin layi na uku. Kamar allon ɗan makaranta yake, layuka kaɗan yake ɗauka. In tunanin "idan na faɗi me zan ce wa Baba" ya cike allon, babu wurin rubuta lissafi. Karatun da ka yi wata shida yana nan bai goge ba, wurin baje shi ne ya ƙare. Shi ya sa ɗalibi ke fitowa daga ɗaki, kafin ya kai bakin titi amsar da ta ƙi zuwa ta faɗo masa.

Saboda haka masu fargaba kashi uku ne, ko da yake ana samun mai haɗa biyu. Akwai wanda tasa a jiki take, hannu na rawa, numfashi na sama-sama. Akwai wanda jikinsa lafiya lau amma tunani ya hana shi sakat. Akwai kuma wanda ba ya jin komai sai ya ga tambayar farko, nan take kai ya ɗaure.

Sai kuma ita jarrabawar kanta. A UTME, jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu, wadda aka mayar kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40-40 na sauran darussa uku, jimillar maki 400. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ta samu. Ba a shiga da agogo, ba a shiga da biro ko waya ko kalkuleta, agogon da ke kan allon kwamfuta ne kawai yake ta raguwa a gabanka. Takardar bayani ta lissafi a WAEC kuwa awa biyu da rabi ce, a amsa tambayoyi 10 cikin 13, wato kowace tana da minti 15. Dabarar da ke cin minti biyar kusan kyauta ce a WAEC da NECO, haka ma a dogayen takardun BAC na ɗaliban Maraɗi da Damagaram. A JAMB kuwa minti biyar tambayoyi bakwai ne da ɗoriya.

Numfashi

Wannan ita ce aka fi sani, kuma ita aka fi yi ba daidai ba. In aka ce wa yaro "ja dogon numfashi", sai ya zuƙi iska da ƙarfi har kafaɗu su ɗaga, ya sake da sauri, ya ƙara. Hakan yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, sai jiri ya zo, yatsu da leɓe su riƙa tsira-tsira, yaro ya ɗauka suma zai yi. An nemi magani an ƙaro ciwo.

Sirrin yana wajen fitar da iska. Duk lokacin da mutum ya shaƙa, zuciyarsa tana ɗan ƙara sauri, in yana fitarwa kuma wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙirji da ciki tana rage mata gudu. In fitarwa ta fi shaƙa tsawo, birkin ya fi samun aiki. Shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu, cikinka ne zai kumbura ba ƙirji ba, sannan ka saki a hankali ta baki kana ƙirga shida. Sau shida ke nan a minti ɗaya. Akwai wani salon da masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada suka wallafa a 2023: shaƙa sau biyu a jere ta hanci, ta biyun 'yar gajeruwa don cike huhu, sai doguwar fitarwa ta baki. Duk wanda ya taɓa ganin yaro yana ajiyar zuciya bayan ya sha kuka ya san wannan numfashin. A gwajin nasu mutane sun yi shi minti biyar kullum har wata guda, ba sau ɗaya a ranar tsanani ba, kuma wannan bambanci ne da ya kamata a riƙe.

Ƙarfin wannan dabara shi ne ba ta buƙatar komai, ba mai ganin kana yi, kuma a JAMB akwai wurinta na musamman: zaman jiran da ake yi bayan an tantance yatsa an nuna maka kujera, kafin a ce a fara. Lokacin nan ba ya cikin awa biyunka. Rauninta kuwa jiki kawai take taɓawa. Mai tunanin kuɗin rajistar da yayansa ya ranto zai iya yin numfashi daidai, zuciyarsa ta lafa, tunanin kuma yana nan daram. Akwai ma waɗanda mayar da hankali kan bugun zuciyarsu ke ƙara firgita su. In kana cikinsu, ka kafa ƙafafunka biyu a ƙasa ka ji taurin simintin, ka zuba ido kan abu guda a ɗakin, ka bar ƙirga numfashi.

Addu'a

Ban sa addu'a a layin gasa da sauran ba, don mai imani ba dabara yake ɗaukarta ba, kuma zai yi ta ko da an ce masa ba ta rage bugun zuciya. Amma yadda ake yin ta a irin wannan wuri yana da tasiri. Addu'ar Annabi Musa (AS) da aka aike shi wajen Fir'auna, a Suratu Ɗaha, "Rabbish rah li sadri, wa yassir li amri", roƙon buɗewar ƙirji ce da saukin al'amari da warwarewar harshe, daga bakin wanda aka tura gaban abin tsoro. Ga kuma "Allahumma la sahla illa ma ja'altahu sahla" wadda yawancin 'yan Islamiyya sun haddace. Ɗalibi Kirista shi ma yana da Zabura ta 23 a bakinsa.

Magana a kan fitar numfashi ake yin ta, saboda haka mai karanta addu'a a tsanake yana tsawaita fitar iskarsa ko bai yi niyya ba. A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, ya auna masu karanta addu'ar carbin Katolika da masu maimaita kalmomin yoga, ya tarar numfashinsu yana sauka zuwa wajen shida a minti, daidai adadin da masu koyar da numfashi ke nema. Wanda ya karanta addu'arsa a natse ya haɗa biyu ke nan. Wanda ya rattabo ta a guje yana leƙen kwamfutar na kusa da shi, ladansa na wajen Allah, amma jikinsa bai ƙaru da komai ba.

Abin da nake ja wa iyaye kunne a kai shi ne lodin daren jarrabawa. Gwaggo ta aiko da wuridi ƙafa 41, Kawu ya bugo waya da nasa ƙafa 7, maƙwabciya ta kawo wani a rubuce. Yarinya ta shiga ɗaki tana fargabar ko ta cika adadin ko ta tsallake. Addu'a ɗaya ko biyu da harshe ya saba da su sun wadatar. Kuma kada a kuskura a shiga da wadda aka rubuta a takarda. Mai sa ido in ya zaro takarda mai rubutu daga aljihu, ba zai tsaya tantance addu'a ce ko satar amsa ba.

Zubar da damuwa a takarda

A 2011 mujallar Science ta buga binciken Gerardo Ramirez da Sian Beilock na Jami'ar Chicago. Sun sa wasu ɗalibai su yi minti goma kafin jarrabawa suna rubuta duk abin da ke tsorata su game da ita, wasu kuma ba su yi ba. A cikin 'yan sakandare masu yawan fargaba, waɗanda suka yi rubutun sun fi takwarorinsu maki a jarrabawar ƙarshen zango. Hujjar ita ce damuwar da aka sauke a takarda ta daina zagaye a kai, wuri ya samu. Labarin ya bazu duniya. Sai dai a 2018 wata tawagar masana da ta sake gwada fitattun bincike na irin wannan fanni ta maimaita gwajin nasu na ɗakin bincike, ba ta sami sakamakon ba. Don haka ba zan sayar wa kowa wannan dabara a matsayin tabbas ba.

Duk da haka tana da mutanenta. Wanda ke zana JAMB karo na biyu ko na uku, ƙannensa sun fara cim masa. Yarinyar da aka ce mata in ba ta ci bana ba sai aure. Mai neman likitanci da ya san maki 250 ma ba lallai ya ishe shi ba. Irin waɗannan fargabarsu jimloli ce, kuma jimlolin da ba su da wanda za su gaya wa a gida. Numfashi ba ya amsa jimla. Rubutun yana ba su wurin faɗin abin ƙarara, da Hausa ko da ajami ko da duk abin da ya zo, ba gyara ba kunya: ina tsoron kaza, in ya faru kaza ne zai biyo. Sau da yawa in abin ya fito fili girmansa yana raguwa.

Tsadarta minti goma ne da takarda da abin rubutu, minti goman nan kuwa babu su a ɗakin JAMB. Wurinta gida ne, bayan sallar asuba kafin a fita, sannan a yayyaga takardar a bar ta can. Wanda kuma ya gwada a jarrabawar gwaji ya ga rubutun tono masa ciwo yake yi, ya bar shi, ba nasa ba ne.

Sauya wa fargabar fassara

Wannan ita ce ta fi saɓa wa nasihar iyaye, kuma a ganina ita ce aka fi yi wa rowar kulawa. Maimakon ka yaƙi bugun zuciyar, sai ka karɓe shi ka sauya ma'anarsa. A 2010 Jeremy Jamieson da abokan aikinsa suka tara ɗalibai masu shirin zana GRE, jarrabawar shiga karatun gaba da digiri a Amurka. Rabinsu aka gaya musu, cikin 'yan layuka, cewa tashin hankalin da suke ji ba ya cutar da aiki, yana ma iya taimakawa. Waɗannan sun fi sauran maki a ɓangaren lissafi a gwajin ranar, kuma da suka je suka zana ta gasken daga baya ratar tana nan. Ɗaliban ba su da yawa, amma an sake samun makamancin haka a ajujuwan lissafi na wasu kwalejoji. A 2014 kuma Alison Wood Brooks ta Harvard ta nuna cewa wanda ya ce wa kansa yana ɗoki kafin jawabi ko lissafi ya fi wanda ya ce wa kansa ya natsu taɓuka abin kirki.

Dalilin ba boyayye ba ne. Tsoro da ɗoki a jiki kusan abu ɗaya ne: zuciya na gudu, ido a buɗe, jini na tafasa. Ɗan wasan da ke jiran a busa usur da ango a ranar ɗaurin aure duk abin da suke ji ke nan. Daga tsoro zuwa natsuwa tafiya ce mai nisa, sai jiki ya sauko gaba ɗaya, wanda ba ya yiwuwa cikin minti biyu. Daga tsoro zuwa ɗoki kuwa taki ɗaya ne. Abin da za ka ce a ranka gajere ne: zuciyata tana kai wa ƙwaƙwalwata jini ne, jikina ya shirya.

Ba ta cin ko daƙiƙa biyar, shi ya sa babu wadda ta kai ta dacewa da JAMB. Tana kuma kashe wancan tsoro na biyu, tsoron jin tsoro. Amma tana da sharaɗi: sai ka yarda da maganar, yarda kuwa ba ta samuwa in ranar ka fara jin ta. Malami ko yaya ya kamata ya bayyana wa ɗalibi wannan tun da makonni, ya ga gaskiyarsa a jarrabawar gwaji. Kuma in firgita ta kai matakin da hannu ba ya iya riƙe fensir, magana ba ta shiga, sai an fara sauko da jiki ta numfashi.

Fara aiki da abin da ka iya

Ga mai ɗaurewar kai, duk waɗancan share fage ne. Maganinsa amsa ɗaya ce da ya tabbatar daidai ce, sai ta biyu, sai ta uku. Daga nan kai yake warwarewa da kansa. Abin tambaya shi ne ta ina za a fara, kuma a nan JAMB da WAEC hannun riga ne.

A JAMB kana da ikon tsallakawa daga darasi zuwa darasi. Da yawa suna farawa da Turanci don shi ya fi yawan tambayoyi, sai su faɗa cikin dogon nassi da ido yana bi kai ba ya ɗauka, su karanta sakin layi ɗaya sau uku agogo na tafiya. Wasu 'yan kimiyya kuma suna farawa da lissafi ko Fiziks wai tun kai yana sabo. Ga mai fargaba, duka biyun kuskure ne a wurina. Wani bincike na Beilock ya nuna matsin lamba ya fi kayar da mutum a tambayoyi masu matakai da yawa, waɗanda sai an riƙe abu a ka ana juya shi. Tambayar da amsarta tunawa ce kawai ba ta cika jin matsin ba. Saboda haka minti goma na farko, lokacin da fargaba ke kan ganiyarta, a ba wa darasin tunawa da ka fi ƙarfi a kai: Bayoloji, Gwamnati, Addini, Hausa. Lissafi ya zo bayan jiki ya sauka. Tambayar da ta ƙi, a danna maɓallin N a wuce, a dawo mata da maɓallin P daga baya. Ba a rage maki don an amsa ba daidai ba, don haka kafin lokaci ya cika kada a bar ko ɗaya fayau. Bin tambayoyi 180 da ido kafin a fara kuwa asarar lokaci ce tsagwaronta.

A takardun bayani na WAEC da NECO akasin haka ne. Wanda ya duƙufa kan tambaya ta ɗaya don ya huce fargaba yakan gano a minti na arba'in cewa ya zaɓi wadda bai iya ƙarasawa ba, ga wata mai sauƙi a shafi na gaba. A takardar Turanci, inda za ka zaɓi batu ɗaya ka rubuta kalmomi 450, gaggawar zaɓi tana iya cinye makin insha'in gaba ɗaya, kamar wanda aka ce ya rubuta wasiƙa ga hukuma ya rubuta irin ta aboki. A nan minti biyar na karanta umarni da tambayoyi duka riba ce. Haɗarinta ɗaya: ido ya faɗa kan tambaya mai wuya, gaba ya sake faɗuwa. Maganinsa ka shiga karatun da aiki guda, neman wadda za ka fara da ita, ka sa mata alama da fensir, masu wuyar ka wuce su kamar ba da kai suke ba. In akwai ƙa'idojin lissafi da kake tsoron su gudu, da zarar an ce a fara ka zube su a inda aka ba da izinin yin lissafin gefe. Bayan an ce a fara, ba kafin nan ba.

Bakin get, da abin da ake haɗiya

Rabin fargabar da ake shiga ɗaki da ita a bakin get ake kwasarta. Jarrabawar JAMB takan faɗo a Afrilu, tsakiyar bazara, ga layi ga rana, ga abokin da zai matso ya ce "kai, ka karanta kaza? An ce jiya ya fito." Shafin da ka buɗe a wannan lokaci ba zai zauna ba, abin da zai yi kawai shi ne nuna maka abin da ba ka sani ba. Tsakanin buɗe littafi da rufe shi, rufewa ta fi. In hannunka ba ya iya zama haka nan, takarda guda ta abubuwan da ka riga ka sani ta isa, a yar da ita kafin a shiga layin tantancewa. Ka nemi inuwa nesa da masu hasashen tambayoyi. Jira yana iya yin tsawo fiye da zato, an ga yadda a Mayun 2025 ɗalibai a wasu jihohi suka rubuta Turancin WAEC da dare da hasken tocila saboda jinkirin takardu. Ruwa da ɗan abin taɓawa a jaka suna cikin shirin natsuwa, don yunwa da ƙishirwa suna kawo rawar jiki da jiri irin na tsoro sak.

Goro, Nescafe, shayin ataya da lemukan ƙara kuzari duk akwai sinadarin kafin (caffeine) a cikinsu, aikinsa kuwa ƙara bugun zuciya da rawar hannu, kuma yakan yi awa biyar rabinsa bai bar jini ba. Wanda ya saba da kofi ɗaya kullum ya sha abinsa, don barinsa ranar ma ciwon kai ne. Wanda bai saba ba, ranar jarrabawa ba ranar koyo ba ce.

Ƙwayoyi kuwa maganarsu gajera ce. Diazepam da danginsa suna kwantar da fargaba ta hanyar kwantar da ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, su kawo barci su raunana tunawa, abin da ka zo yi da shi ke nan. Propranolol, wanda wasu ɗaliban jami'a ke ba juna, yana rage gudun zuciya da rawar hannu amma ba ya taɓa tunani, kuma yana iya toshe numfashin mai asma. Likita ne kaɗai zai ce a sha, bayan ya duba mutum. Tramadol da kodin ba sa cikin lissafi ko kaɗan.

To wanne za a ɗauka?

In JAMB ce, ga abin da zan ba ƙanena: addu'arsa a tsanake da doguwar fitar numfashi a zaman jira, jimla ɗaya ta sauya fassara lokacin da agogo ya fara, sannan darasin tunawa da ya fi iyawa. Duka ba su ci masa minti ɗaya daga awa biyunsa ba. In tasa fargabar ta tunani ce, ya ƙara da rubutun asuba a gida. In WAEC ce ko NECO, numfashi minti ɗaya bayan an raba takardu, karatun tambayoyi minti biyar, a fara da wadda aka fi iyawa ko da ita ce ta bakwai, a dai rubuta lambarta daidai. In dole sai ɗaya tak za a koya wa yaro, ni sauya fassara zan zaɓa a kan numfashi, don numfashi yana iya barin yaro yana jiran fargabar ta tafi kafin ya fara, ita kuwa ɗayar tana koya masa ya fara tana nan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wadda aka zaɓa, a gwada ta a jarrabawar gwaji ta JAMB ko a gida da tambayoyin baya, da agogo a gaba, awa biyu cur ba tashi. Ga ɗalibin ƙauye da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, awa biyu a shagon kwamfuta yana danna A, B, C, D, N da P sun fi masa duk dabarun nan amfani, don tasa fargabar ta na'urar ce ba ta tambayoyin ba.

A kuma shirya wa tangarɗa tun daga gida. Na'ura tana iya ƙin karɓar yatsa, kwamfuta tana iya ɗaukewa ana tsaka da aiki. Abin yi shi ne ɗaga hannu, a gaya wa jami'in da ke ɗakin, a zauna a kujera ana numfashi har a gyara, ba a taɓa wayar lantarki ko soket ba. Irin wannan matsala ba laifin ɗalibi ba ce, kuma akan karɓi kuskure in ya tabbata: a Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawar.

Akwai kuma waɗanda abin nasu ya wuce dabarar ɗaki: mai suma, mai amai duk ranar jarrabawa, mai jin ƙirji ya ƙulle kamar ransa zai fita, wanda ya yi makonni barci ya ƙaurace masa. Wannan a kai shi asibiti tun saura wata biyu ko uku, ba saura kwana biyu ba. Asibitocin koyarwa irin su Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ga asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Kware da Maiduguri. Maganin da aka fi yi wa irin wannan fargaba zama ne da ƙwararre ana tattaunawa da atisaye mako-mako, shi ya sa yake buƙatar a fara da wuri.